Amsa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Me Na Sani Game Da Zama Uwa

Ɗan'uwa, ina gaisuwa.

Tambayoyi uku ka jefo mini a bainar jama'a cikin makon Kirsimeti. Ka ce mu Katolika da bautar mace muke buɗe shekara. Ka ce ranakun idinmu aro ne daga maguzawan dā. Sannan ka rufe da wadda ka san za ta fi zafi: wai matar da ba ta taɓa goyo ba, me ta sani har take tara yara tana koya musu idin Iyali Mai Tsarki (wato Yesu, Maryamu da Yusufu) da na Uwar Allah? Ka san shekarata 19 da aure ba haihuwa. Da sani ka yi, kuma a gaban yaran da nake koyarwa.

Biyun farko ba za su ci mini lokaci ba. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu girmama ta muke yi. Laƙabin Uwar Allah kuwa a taron shugabannin ikilisiya na birnin Afisa aka tabbatar da shi a shekara ta 431, lokacin da wani bishop mai suna Nestoriyus ya so a tsaya ga kiranta uwar Kristi. Shugabannin ikilisiya suka ga hakan zai raba Yesu gida biyu, alhali wanda ta haifa ɗaya ne, Allah ne kuma mutum ne. Batun rana, ka ƙirga daga 25 ga Disamba: 1 ga Janairu, ranar idin Uwar Allah, ita ce rana ta takwas, ranar da aka yi wa jaririn kaciya aka raɗa masa suna, kamar yadda Luka 2:21 ta faɗa.

Ta ukun ce ta hana ni barci.

Kana tsammani idin Iyali Mai Tsarki na masu cikakken gida ne, waɗanda komai ya zauna musu daidai? Ka zo Lahadin da ke bin Kirsimeti ka saurari abin da ake karantawa. Wata shekarar Yusufu ne ke tashi cikin dare, ya ɗauki jariri da uwarsa su gudu Masar saboda Hirudus. Wata shekarar su ne a Haikali da 'yan tsuntsaye biyu, hadayar wanda bai da halin ɗan rago, wani dattijo mai suna Saminu kuma yana gaya wa Maryamu takobi zai soki zuciyarta. Wata shekarar yaro ɗan shekara 12 ya ɓace musu, sai bayan kwana uku suka same shi. Gudun hijira, talauci, fargaba. Paparoma Benedict na 15 ya shimfiɗa idin nan ga dukan ikilisiya a 1921, shekara 3 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da gidaje ba adadi suka cika da marayu da matan da mazansu ba su dawo ba. Ranar 28 ga Disamba ma, ana tsakiyar murna, ikilisiya tana tsayawa ta tuna jariran Baitalami da iyayensu mata da aka bari hannu wofi.

Ka kuma dubi Yusufu da kyau. Yaron da ya ciyar, ya tsare, ya koya wa sana'a ba jininsa ba ne. Ko shi ma za ka tambaye shi me ya sani game da zama uba? Maryamu kanta, a gindin gicciye Yesu ya miƙa mata almajirin da ba ita ta haifa ba, ya ce ga ɗanki. A ikilisiyarmu, uwa ita ce wadda ta karɓi ran da Allah ya damƙa mata ta riƙe shi da amana, ko ta hanyar ciki ya zo ko ta wata hanya.

Bara, a wannan Lahadin, Fada ya kira iyalai su fito a sa musu albarka. Kowa ya tashi da nasa. Wata yarinya a ajina, 'yar shekara 8 da mahaifiyarta ta rasu wata huɗu kafin nan, ta zauna tana murza bakin rigarta. Sai ta juyo ta kama yatsana ɗaya, ba ta ce komai ba. Muka fita tare, gwiwoyina suna rawa. Wannan yarinyar tana wurin ranar da ka yi tambayarka, ta kuma ji.

Ba kai kaɗai nake kuka da shi ba. A cikin gidan Allah ma, sau nawa ake cewa iyaye mata su miƙe a tafa musu, mu sauran mu sunkuyar da kai muna duban ƙasa? Masu wa'azi da yawa sun mai da idin nan ranar ƙirga 'ya'ya, sun manta cewa da wata mata ta yabi cikin da ya ɗauki Yesu, shi ya mai da albarkar kan masu jin maganar Allah suna kiyaye ta.

Da neman sani ya kawo ka, da ka same ni ni kaɗai, da kuwa na zauna da kai har dare. Taro ka nema, ka kuwa samu. Ni na yafe nawa. Yarinyar ce ta tambaye ni ko gaskiya ne bai kamata in koya musu ba, ita za ka zo ka ba amsa. Muna aji kowace Lahadi bayan Misa.

'Yar'uwarka cikin Kristi.