Wa Ya Koya wa Ɗaliban Tarihi Hadda?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda baƙonku ya ɗora laifin taɓarɓarewar darasin tarihi a jami'a kacokan a kan ɗalibai, wai ba su iya komai ba sai hadda. To wa ya koya mana haddar?

Shekara huɗu na yi ina karanta tarihi, kuma babu ranar da wani malami ya ajiye mana tsohuwar takarda a gabanmu ya ce mu tantance ta. Malami zai shigo da littafin rubutunsa wanda ya yi jawur don tsufa, ya yi ta karantowa muna rubutawa har lokaci ya cika, ranar jarrabawa kuma wanda ya mayar masa da kalmominsa daidai shi ne gwani. Sai a shekarar ƙarshe, da binciken kammala digiri ya tilasta mini, na fara taka gidan adana takardun tarihi. Wani dattijon ma'aikaci ya miƙo mini fayil ɗaure da zare, ciki rahoton jami'in mulkin mallaka ne kan ƙidayar masu biyan haraji, na duƙufa ina kwafe alkaluman ba tare da ko ɗar ba. Dattijon ya leƙo ya tambaye ni ko na yi tunanin magidanta nawa suka ɓuya ranar ƙidayar. Kunya ta rufe ni, domin tambayar da ya kamata in ji tun ajin farko ke nan.

Wannan fa ba sabon ilimi ba ne. Tun 1377 masanin tarihi Ibn Khaldun ya soki marubucin tarihi Mas'udi da ire-irensa kan cewa rundunar Bani Isra'ila ta kai mutum 600,000, ya auna adadin da girman ƙasa da faɗin fagen daga, ya ce ba zai yiwu ba. Kenneth Dike, masanin tarihi ɗan Najeriya, shi ma ai don masu bincike su riƙa duba takardun asali ya tsaya tsayin daka aka kafa gidan adana takardu na ƙasa a Ibadan a 1954. Baƙonku ya san wannan sarai, amma bai faɗi sau nawa ya kai nasa ɗaliban can ba.

Sannan don Allah ku rage tallace-tallace. Kun yi alkawarin buɗe layin waya, na riƙe wayata har aka rufe shirin ba a karɓi kiran kowa ba.

Naku mai sauraro,
Tsohon ɗalibin tarihi