A bar mana hanyar Maraɗi da Ƙonni a buɗe, ku zo mu sa hannu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan takardar koke da wasu daga cikinmu 'yan kasuwa da direbobi da ɗalibai muke zagayawa da ita a nan Abuja muna karɓar sa hannun mutane, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni su ma suna yin irin haka a can wajensu. Babban abin da takardar take nema shi ne shugabannin ECOWAS da na Nijar da Mali da Burkina Faso su zauna su rubuta yarjejeniya mai ɗorewa cewa ko wane irin rikici ya shiga tsakanin gwamnatoci, ba za a ƙara rufe wa talaka hanyar zumunci da ta neman abinci ba.

Mutane da yawa ba su lura da halin da muke ciki ba shi ya sa nake so in ɗan yi bayani. Tun 1979 akwai yarjejeniyar ECOWAS da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, da ita muke tsallakawa ta Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari da Kamba duk shekarun nan. To ranar 29 ga Janairun 2025 ƙasashen nan uku suka fita daga ƙungiyar a hukumance. Gaskiya ne ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu kafin a san matsaya, su ma can sun ce ɗan ECOWAS zai shiga ba biza, amma fa duk wannan sanarwa ce kawai, wanda ya yi ta yau shi zai iya janye ta gobe da safe idan ransa ya ɓaci, kuma mu ba labari aka ba mu ba mun gani da idonmu.

A watan Agustan 2019 aka rufe boda sai Disamban 2020 aka buɗe. Ba mu gama farfaɗowa ba sai juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa, aka yanke musu wutar da ake ba su daga nan, tireloli suka yi layi a bakin boda kayan gwari na ruɓewa a ciki direba yana kallo ba yadda zai yi, wasu jarinsu ke nan har yau ba su dawo kasuwa ba. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage wannan takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar. Wlh a tsakanin nan akwai waɗanda aka yi musu rasuwa a tsallake ba su samu jana'iza ba, akwai auren da aka ɗaga, akwai ɗalibanmu da ke karatu a Maraɗi da marasa lafiya masu zuwa asibitin Galmi da suka rasa yadda za su yi. Wanda ya sa hannu a takunkumin bai rasa ko abincin dare ɗaya ba. Jihohi bakwai ne fa suke iyaka da Nijar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, kuma waye bai san sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito ba, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Ta yaya za a ce wa mutanen nan rigimar sojoji da 'yan siyasa ta fi ƙarfin jininsu?

Yanzu maganar aikin kansa. Muna tsayawa a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei da Zuba da tashar Jabi da wajen Mararaba, wani lokaci a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a idan liman ya ba da izini. Tambayar farko da ake mana kusan kullum ita ce nawa za a ba mu, ta biyu kuma na wane ɗan takara ne. Ni ban ga laifin kowa ba, an sha zuwa da fom a ce tallafi ne a kwashi sunayen mutane shiru kake ji, dole mutum ya yi taka tsantsan. Shi ya sa nake faɗa a nan kowa ya sani, ba kuɗi a ciki, ba jam'iyya a ciki, ba ma karɓar NIN ba ma karɓar BVN ba ma tambayar lambar asusun banki. Suna, garin da kake, sai sa hannu, wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ya dangwala, shikenan. Kuma sai an karanta maka takardar da Hausa ka ji da kunnenka kafin a miƙa maka biro. Duk wanda ya zo maka da sunan wannan koken ya ce ka kawo ko sisi ko ka turo masa wata lamba da ta shigo wayarka, ɗan damfara ne ka kore shi.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 'yan uwanmu 'yan Nijar da ke nan, masu gadi da 'yan garuwa da masu shayi, su abin ya fi shafa amma su suka fi tsoron rubuta suna, gani suke za a bi takardar a zo a kwashe su. Ba ma matsa musu sam, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya yi mana addu'a ta wadatar. Sai kuma mata, sunayensu sun yi kaɗan ƙwarai alhali su ne aka fi aurarwa a tsallake, muna neman malaman Islamiyya mata da za su riƙe mana takardar a wajensu.

Wasu na cewa to ina batun tsaro, makamai da 'yan bindiga ba ta nan suke shigowa ba? Damuwa ce ta gaske, mu ma 'yan uwanmu ake kashewa. Amma mai ɗauke da bindiga ba ya zuwa ƙofar boda ya bi layi, daji yake bi a kan babur, iyakar nan kusan kilomita 1,500 ce. Idan aka rufe ƙofa mai gaskiya ne kawai ake tsayarwa, ƙarshe shi ma ya koma hanyar daji ya biya kuɗi ninki. A bincika kaya, a duba katin shaida, mun yarda ɗari bisa ɗari, har ma mun rubuta haka a cikin koken, tare da roƙon a rage shingayen da ake tatsar direbobi a kan hanya.

Wasu kuma su ce wa zai karanta? Ba zan ɓoye ba, babu dokar da ta tilasta wa ECOWAS amsa irin wannan takarda, kuma samar da irin wannan doka ne buƙatarmu ta biyu. A Tarayyar Turai tun 2012 suna da tsari, idan mutum miliyan 1 daga aƙalla ƙasashe 7 suka sa hannu cikin shekara ɗaya, dole hukumar tarayyar ta gana da masu koken, a saurare su a majalisa, a ba su amsa a rubuce. Ba dole ne a yi musu doka ba, amma ba a isa a yi banza da su ba. Koke na farko da ya cika sharaɗin kan haƙƙin samun ruwan sha ne a 2013, kuma ya taimaka aka gyara dokar ruwan shansu a 2020. Me zai hana mu samu namu daidai da yanayinmu? Hedikwatar ECOWAS da majalisarta da kotunta duk a Abujan nan suke, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da su. Kotun ma tun 2005 ɗaiɗaikun mutane ke iya kai ƙara kan take haƙƙi, a wannan kotun ne Hadijatou Mani 'yar Nijar ta yi nasara a 2008 kan batun bauta. Kuma a 2023 da ake ta kaɗa gangar yaƙi da Nijar, ai hayaniyar jama'a da sanatoci da malaman da suka tafi Yamai suna cikin abin da ya sanyaya wutar.

Don haka ina roƙon shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota da limamanmu su bar masu zagayawa da takardar nan su tsaya su yi bayani, kar a kore su tun ba a ji me suka zo da shi ba. Ku ma Malam Edita dan Allah ku turo wakilinku Dei-Dei ranar da kasuwa ta cika ya ji daga bakin masu kawo dabbobi da kansu, in da hali kuma ku buga koken gaba ɗayansa a jarida yadda na Jos da Kano da Sakkwato za su karanta su ga ko sun yarda da abin da ke ciki kafin takardar ta iso gare su.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku, wani ɗan kasuwar Dei-Dei, Abuja.