Rahoton Kwamiti Kan Aikin Share Filin Gasar Olamfik na Landan da Gina Filin Wasansa

Kwamitin ya bi diddigin aikin tun daga watan Yulin 2005, lokacin da Landan ta samu damar karɓar gasar 2012, har zuwa buɗe dandalin gasar ga jama'a a 2014.

Wurin da aka zaɓa a Stratford da ke gabashin Landan, gefen kogin Lea, tsohuwar unguwar masana'antu ce. Ƙasar ta sha mai da kwalta da dalma shekara da shekaru. Kafin a aza tubali ko guda, sai da aka rushe gine-gine sama da 200, aka cire manyan turakun wutar lantarki 52, aka binne wayoyinsu a ramuka biyu masu tsawon kilomita 6 kowanne. Ƙasar da aka tsabtace ta kai kusan tan miliyan 2. Maimakon a kwashe ta a zubar, an girke injinan wanke ta a nan wurin, ma'aikata har suna kiran sashen "asibitin ƙasa", kuma mafi yawanta aka mayar cikin aikin. A nan kwamitin bai ga abin zargi ba. Kuɗi sun tafi, amma ana ganin inda suka shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne zanen filin wasan. An gina shi da kujeru 80,000 bisa shirin a rage su zuwa 25,000 bayan gasa, domin an yi alkawarin barin hanyar tsere. Ba a zana shi don ƙwallon ƙafa ba, alhali ƙwallo ce kaɗai za ta iya cika shi kowane mako. Da aka ba ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta West Ham haya ta shekara 99, dole aka sake rufi, aka sa kujeru masu matsowa kan hanyar tseren. Wannan gyaran ya ci fam miliyan 323. Ƙungiyar ta ba da miliyan 15 kacal a ciki, aka yanka mata haya ta fam miliyan 2.5 a shekara, sauran nauyin kuma ya faɗa kan baitulmali.

Ra'ayin kwamitin shi ne da an zauna da mai haya kafin a amince da zane, da ba a biya aikin rufi sau biyu ba. West Ham ta tare a filin a 2016, a shekarar da ta biyo aka gudanar da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a kan hanyar tseren da aka ƙi cirewa.