Ku tuna da yaran da suka ciyar da iyayensu ta ramin katanga

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na ranar 27 ga Janairu kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. An yi maganar Hitler, an yi ta sansanin kisa na Auschwitz, amma ban ji an ambaci yaran Warsaw ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

A watan Nuwamban 1940 Jamusawa suka kulle Yahudawa fiye da 400,000 a unguwa ɗaya ta birnin Warsaw na ƙasar Poland, suka zagaye su da katanga mai tsayin mita 3. Abincin da aka yanka wa kowa ba ya riƙe rai. Yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa suka riƙa kwashe mutane a bakin titi.

To wa ke shigo da abinci? Da yawa ƙananan yara ne, wasu ba su fi shekara 6 ba, domin jikinsu ne kaɗai ke iya bi ta ramukan gindin katanga. Yaro zai sulale ya fita, ya yi bara ko ya sayo burodi da dankalin Turawa, ya cusa cikin aljifan da aka ɗinka a rigarsa, ya dawo a kumbure alhali haƙarƙarinsa a waje. Daga Oktoban 1941 hukuncin fita ba izini kisa ne, kuma masu gadi sun harbe da dama. Wanda ya tsira yau, gobe sai ya koma, don uwa na kwance, ƙanne na kuka.

Ina da ɗa mai shekara 7. Ko kanti na aike shi, idona na kan ƙofa har ya dawo. Shi ya sa ba na yarda a ce an haifi yaro don ya mutu saboda wasu. Azzalumai ne suka ɗora musu wannan kaya. Amma ƙaunar da ta sa yaro mai jin yunwa ya ɗauko burodi bai gutsira ba, wannan tasu ce.

Daga Yuli zuwa Satumban 1942 aka kwashe mafi yawan mutanen unguwar zuwa sansanin kisa na Treblinka, har da marayu kusan 200 da likita Janusz Korczak ya ƙi rabuwa da su.

Don Allah ku ware wa yaran nan shiri guda, ku sa shi da yamma, lokacin da iyaye ke zaune da 'ya'yansu.

Mai sauraronku kullum,
daga Zariya