Gadar katako ce ta ceci ƙaramin kan jirgin nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan tsofaffin jiragen ƙasa na Ingila, kuma na ji daɗinsa. Sai dai inda mai gabatarwa ya ce gwamnati ce ta adana su saboda son tarihi, a nan nake da ja, aƙalla game da ƙananan kawunan jirgin nan da ake kira Terrier.

Injiniya William Stroudley ne ya zana su, aka ƙera guda 50 a Brighton tsakanin 1872 da 1880 don jigilar ma'aikata a unguwannin kudancin Landan. Ƙafafu shida ne da su, ruwansu kuma a tankuna biyu da ke manne a haƙarƙarin tukunyar, ba sa jan wani taragon kwal a baya. Da taragai suka ƙara nauyi sai aka fara sayar da su, wasu aka yanka.

To me ya sa wasu suka kai har 1963 suna aiki? Rashin nauyi. Layin da ke shiga tsibirin Hayling yana bi ta kan gadar katako a Langstone, wadda ba ta ɗaukar manyan kawuna. Dole aka riƙa lallaɓa waɗannan tsofaffi har ranar da aka rufe layin a watan Nuwamba na shekarar. Ba ƙauna ba ce, larura ce.

Mai suna Stepney, wanda aka ƙera a 1875, 'yan sa-kai ne suka saye shi a 1960, ya zama kan jirgi na farko a layin Bluebell, layin dogo na tarihi da 'yan sa-kai ke gudanarwa. Na je Sheffield Park, tashar layin, da ɗana bara, muka same shi a rumfa, fentinsa ruwan ɗorawa (Stroudley kuwa kore yake kiran launin nan, Allah Ya san dalilinsa). Ɗakin direban ko shagon mai shayi ya fi shi faɗi. Wani dattijo da baƙin mai har gwiwar hannu yana ta goge tagullar wani jirgin a gefe, ya ce mana shi ma sai da ya sayi tikitin bas ya zo, ko sisi ba a biyansa. Ya kuma ce duk shekara goma sai an kwance tukunya an duba ta kafin a sake hura wuta, kuɗin kuma daga tikiti da gudummawa yake fitowa.

Guda goma ne suka rage cikin hamsin ɗin, ɗaya ma yana Kanada. Don Allah in za ku maimaita shirin, a ambaci 'yan sa-kai masu tsumman nan.

Naku mai sauraro,
daga Brighton, Ingila