Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Hawan Keke

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, Malam Shugaba, Hajiya Ma'aji da sauran 'yan uwa maza da mata na Paris da kewaye.

Tunda mun yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1901, kuma tsarinmu ya ce a ba membobi bayanin abin da aka yi kafin babban taro, ga nawa kason. Batun shiga da fitar kuɗi yana hannun Hajiya, za ta karanto shi da bakinta. Ni nawa hanya ce: inda muka bi, inda muka ji daɗi, da inda muka sha wuya.

Shekarar ta soma da sanyin jiki. Janairu da Fabrairu sai 'yan ƙwaƙƙwaran cikinmu ke fita, sannan azumi ya cinye watan Maris gaba ɗaya. Maimakon a zauna, muka mai da ranakun Lahadi na gyara a garejin wani dattijonmu, Allah ya saka masa da alheri. A nan matasa suka koyi faci, ɗaure birki da wanke sarƙa. Sallah ta faɗo Lahadi 30 ga Maris, daidai daren da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, kuma waɗanda suka makara zuwa Idi sun san kansu. Mako biyu bayan haka muka buɗe fita.

Kamar kullum, kwarin Chevreuse ne makarantarmu. Jirgin RER B yana sauke mu a Saint-Rémy-lès-Chevreuse, ƙarshen layi, daga nan sai Dampierre, sai hawan nan da ake kira 17 Tournants saboda yawan kwanarsa, a gangaro ta Vaux-de-Cernay a koma. Zagaye ne na kimanin kilomita 50, kuma duk sabon shiga da shi muke gwada shi. Illarsa ɗaya: ranar Lahadi da safe rabin masu keken Paris suna can, ga masu babura da ke son kwanonin fiye da mu. Wanda ke neman shiru sai ya zarce cikin dajin Rambouillet, garin da aka tashi dogon zagayen keke na Paris zuwa Brest da dawowa a 2019 da 2023, kilomita 1200 cikin awa 90. Biyu daga cikinmu sun ce za su shiga na 2027. Mun ji, Allah ya kai mu.

Inda muka fi zuba ƙarfi bana shi ne Vexin, arewa maso yammacin Paris, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan muka koyi darasin shekara.

Fitarmu ta farko can mun bar wa manhajar waya ragama, ta ɗora mu kan D915, hanyar Pontoise zuwa Gisors. A tunaninmu duk hanyar da ta soma da harafin D ƙarama ce, tunda ta gunduma ce. Ashe ba haka ba ne. Da yawa daga cikin manyan hanyoyin ƙasa an miƙa su ga gundumomi a shekarun 1970, wasu kuma a 2006, aka canja musu harafi amma motocin ba su ragu ba. D915 tsohuwar N15 ce, D14 kuwa tsohuwar N14. Sa'armu ɗaya ranar Lahadi ce, yawancin manyan motocin kaya an hana su tafiya daga ƙarfe 10 na daren Asabar zuwa 10 na daren Lahadi. Duk da haka ƙananan motoci sun yi ta wuce mu kamar walƙiya. Doka ta ce a wajen gari direba ya bar mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke, a cikin gari mita ɗaya, amma abin da ke takarda daban, abin da iskar mota ke yi wa kafaɗarka daban. Wata ƙanwarmu tun daga ranar ba ta sake fitowa ba sai watan Yuni, kuma ban ga laifinta ba.

Daga nan muka koma ga taswirar takarda. A taswirar Michelin, jan layi babbar hanya ce, rawaya matsakaiciya, fari kuwa shi ne namu: 'yar siririyar kwalta tsakanin gonakin alkama, wadda za ka yi rabin awa a kanta ba ka haɗu da komai ba sai tarakta. In aka ja koren layi a gefenta, alama ce wurin yana da kyan gani. Muka kafa ƙa'ida: ba za a kai jama'a hanyar da mutum biyu ba su riga sun bi da ƙafarsu ba. Da haka aka haɗa zagayen da yanzu kowa ke nema: a tashi daga Cergy, a ratsa tudu ta ƙauyuka zuwa Vétheuil, a hau hanyar kan tsauni da ke kallon kogin Seine, a sauka La Roche-Guyon inda fadar ke jingine da farin dutse. Masu sauran ƙarfi su bi kwarin Epte, ƙaramin kogin da ya zama iyakar Normandie tun yarjejeniyar shekarar 911. Kogin kansa bai kai wani gulbin kirki ba, sai dai inuwar itatuwansa da rana tsaka ba ta da tamka.

Ƙauyukan nan suna da nasu hali, kuma sai da muka ji yunwa muka gane. Da yawansu ba kanti ko ɗaya. Inda akwai gidan burodi, ana rufewa da azahar ɗin Lahadi, abin da ya rage na ci kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Yanzu kowa da guzurinsa: dabino, gyaɗa, burodi da cuku. Ruwa kuwa a maƙabarta muke samu, domin kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa don masu ba furanni ruwa. Da farko wasu iyayenmu mata sun yi turjiya, har sai da ƙishirwa ta yanke hukunci. A dai duba ko an liƙa gargaɗin cewa ba na sha ba ne, a kuma tuna da sanyi ana rufe famfon don kada bututu ya fashe. A nan muke alwala, sallar kuma a gefen gona, nesa da bakin hanya, ba a cikin shukar mutane ba.

Fitar ƙarshen Yuni mun soke ta saboda zafin da ya kai ga gargaɗi mafi tsanani a Paris ranar 1 ga Yuli. An yi mini tsiya cewa ɗan Damagaram ne ke gudun ranar Faransa. Na amsa tsiyar, amma a Damagaram ba mai hawa tudu a keke da ƙarfe biyu na rana.

Babbar tafiyar bana ta kogin Loire ce, kwana uku a watan Agusta. Muka shiga jirgi a tashar Austerlitz zuwa Blois, muka kewaya Chambord, washegari Chaumont da Amboise, muka ƙare a Tours. Hanyar keke ta Loire tana da tsawon kusan kilomita 900, daga wajen Nevers har bakin teku, alamominta a fili, ba tudu sosai, ta dace da yara da masu koyo. Amma gaskiya ɗaya ce: a watan Agusta cike take da masu yawon buɗe ido, wasu wuraren tsakuwa ce da ba ta jituwa da siririyar taya, kuma mai bin kogin zuwa yamma iska a fuskarsa take yini. Ranar da muka fi jin daɗi ita ce wadda muka bar kogin muka ratsa gonakin inabi zuwa Chenonceaux, inda fadar ke tsaye a kan kogin Cher. In za a koma, ina ba da shawarar a tashi daga Tours a nufi gabas, iska ta tura mu.

Kaka ta zo da abubuwa biyu. Na farko farauta, wadda ake buɗewa a Satumba har ƙarshen Fabrairu. In an ga allon mafarauta a bakin daji, a rage gudu, a sa riga mai haske, kada a bar kwalta. Na biyu girbin saiwar da ake yin sukari da ita. Taraktoci suna kwaso taɓo daga gona su shimfiɗa a kwana, in ruwa ya sauka ya zama kamar sabulu. A kan irinsa ne ɗan uwanmu ya zame a watan Oktoba ya karye a ƙashin wuya. Hular kwanonsa ta tsage gida biyu, kansa lafiya. Doka yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai ta tilasta wa hula, amma kwamiti na neman taro ya amince cewa a fitarmu ba hula ba tafiya, babba ko yaro. Haka abin sauraro a kunne: haramun ne a kan keke tun 2015, tararsa Yuro 135, kuma ƙungiya ba za ta biya wa kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne duk hanyoyin nan mutum uku ne suka leƙo su, ɗaya daga ciki shi ne mai karayar. Zagayen Dieppe da muka yi niyya, ta tsohon layin dogo daga Forges-les-Eaux, bai yiwu ba saboda ba wanda ya je dubawa. Muna neman mutum huɗu, aƙalla mace ɗaya, su ɗauki wannan aiki a 2026: kowa hanya ɗaya, ya bi ta, ya rubuto inda ruwa yake, inda za a yi salla, da jirgin ƙarshe na dawowa. Taswirorin suna wajena, takardar sa suna kuma za ta zagaya a zauren taro.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya