Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ayyuka: Wa Zai Kula Da Titin Bakin Teku?

Mai girma Minista, Injiniya David Umahi,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Arewa ne da neman abinci ya zaunar a Ajah ta Legas shekara da shekaru, kuma a kan idona aka fara zuba yashi da kankare a titin Legas zuwa Kalaba a 2024. Ba zan ɓoye maka ba, ina cikin waɗanda suka yi ƙorafi lokacin da katafila ta shiga wurin shaƙatawa na bakin teku na Landmark ta yi rusau a watan Afrilun shekarar, saboda masu ƙananan sana'o'in da abincinsu ke bakin ruwan. Amma aikin gama ya gama. A ƙarshen Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya buɗe kilomita 30 na farko, cikin kimanin 47 da suka tashi daga titin Ahmadu Bello na Victoria Island zuwa Eleko.

Titin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. In ka bi shi da sassafe ka nufi cikin gari, teku na hagunka, iska mai sanyi na bugun fuska, can nesa ka hango kwalekwalen masunta suna dawowa. Mutumin da ya saba kwana a cunkoson titin Lekki zuwa Epe shi ya san daɗin wannan.

Sai dai mu da ke maƙwabtaka da teku mun san halinta. Ƙofar shagona ta ƙarfe sau biyu ina sake ta, iskar gishiri ta cinye ta tun daga ƙasa kamar gara. Haka za ta yi wa turakun fitilu da shingen gefen titi. Iska na kwaso yashi ta zuba a magudanar ruwa, leda da robar lemo su bi bayansa, damina na sauka sai ka ga ruwa ya rasa hanya ya koma gidajen mutane. Dattawan Legas ba su manta yadda ruwan Bar Beach ke hawowa ya shafe titin Ahmadu Bello ba kafin a gina katangar duwatsu ta Eko Atlantic, mutanen Okun Alfa kuwa har yau teku na yagar ƙasarsu.

Kamfanin Hitech da ke gina titin zai gama kwangilarsa wata rana ya kwashe kayansa. Titi mai kusan kilomita 700, wanda zai ratsa dazuka da fadamun Neja Delta, babu adadin 'yan sanda ko kyamarorin da za su iya sa masa ido dare da rana. Mai ganin komai shi ne wanda ke kwana a gefensa: masunci, mai shayi, mai gadi, matar da ke busar da kifi.

Bari in taɓo inda ya fi yi mana zafi. Duk lokacin da murfin magudana ko wayar fitila ta ɓace, kafin a bincika an ce 'yan jari-bola ne, daga nan kuma an ce Hausawa. Akwai ɓata-gari a cikinmu, ƙarya ne in ce babu. Amma yaron da ke jan kura bai da injin narka ƙarfe. Akwai dilan da ya auna ya biya, akwai wanda ya loda a mota, akwai masana'antar da ta karɓa. A Abuja, a Janairun 2025, hukuma ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar murfin magudana, mai laifi da marar laifi duk suka sha. Ba ma son ranar ta zo mana a nan. Shugabannin masu sayen ƙarfe sun san kayan gwamnati da ido, kuma in aka zauna da su aka ba su amana, su ne za su fara korar mai kawo shi. A buga wa kowane murfi hatimi da lamba, a yi rajistar dillalai, hukunci ya hau kan mai saye kamar yadda yake hawa kan mai ɗauka.

Roƙona shi ne a yanka titin gunduwa-gunduwa, kowace unguwa a damƙa mata nata kason a rubuce. A kwamitin kowace unguwa a sa baalen gari, wato mai garin Yarbawa, da shugaban masunta, da mata 'yan kasuwa, da sarkin Hausawan yankin. Mu mun taso da aikin gayya, ba baƙon abu ba ne a wurinmu mu fito da shebur ranar Asabar mu yashe kwata. Abin da muke buƙata kayan aiki ne, da motar kwasar shara mai zuwa a kan lokaci, da ɗan alawus ga matasan da za su riƙa sintiri, da lambar waya guda wadda in an kira wani injiniya zai ɗauka. Kuɗin duk wannan bai kai ƙura ba a kan biliyoyin da kowace kilomita ta ci.

Amma fa ba a ce wa mutum ya tsare abin da aka katange shi daga gare shi. Akwai garuruwan da titin zai shiga tsakaninsu da ruwan da suke kamun kifi tun kaka da kakanni. A yi musu gadojin ƙafa da mashigai tun yanzu, kafin mota ta fara kwashe yara. A hana masu kuɗi toshe gaɓa da dogayen katangu har talaka ya koma biyan kuɗi kafin ya ga teku. A tsawata wa masu haƙar yashi kusa da titin, a kuma ba unguwanni irin kwakwa su dasa, su ci 'ya'yan, saiwar ta riƙe ƙasa.

Kana yawan zuwa duba aikin da kanka, muna ganinka a talabijin da hular kwano. Zuwa na gaba, ranka ya daɗe, ka ware mana awa ɗaya a Okun Ajah, ka sa a kira baale da masunta da masu panteka. Za mu zo da sunayen waɗanda suka yarda su ɗauki kilomita ta farko.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mazaunin Ajah, Legas